Ƙarƙashin Mota Ake Fara Dubawa

Jirgin ƙasa ya bi ta Gusau ya iso Ƙauran Namoda a 1929, ya tsaya can. Bai taɓa leƙo Anka ba, duk da nan ce sarakunan Zamfara suka zauna bayan Gobirawa sun ci Birnin Zamfara, balle a yi zancen Bukkuyum ko Gummi. Gyaɗa da audugar da aka noma a nan yamma jakuna da raƙuma suka yi ta kaiwa bakin dogo, har manyan motoci irin su Bedford da Austin suka karɓe su. Waɗannan motoci kuwa ba a kammale suke zuwa ba. Kamfani zai kawo kai da inji da ƙarfen ƙasa, kafinta ya ɗora bodin katako, mai fenti ya zana dawisu ko zaki, ya rubuta kirari a goshi. Tun daga nan mutanenmu suka ɗauki mota abin da ake ƙarasawa a gida, kuma har yau ba mu sake ra'ayi ba.

Ni bakanike ne. A Gusau na koyi aiki farkon shekarun 1980, lokacin da Fijo ke mulkin titi. An buɗe masana'antarta a Kakuri ta Kaduna a 1975, shekarar da kuɗin ƙarin albashi na Udoji suka shiga aljihun ma'aikata, sai ga 404 da 504 ko'ina, daga baya 505 ta biyo. Amma wadda ta yi wa ƙauyukanmu bauta ita ce a-kori-kura. Ita ke ɗauko buhunan gero da dawa, a ɗora awaki sama, mutane su zauna a kan ƙarfen gefe ƙafafu na reto. Ba wanda ya taɓa kawo mana a-kori-kura yana neman ƙarin gudu. Abin da ake nema ƙarin sifirin ne. Mu kwance na baya, mu cusa ƙarin ganye biyu ko uku daga na wata babbar mota, mu ɗaure da doguwar ƙusa, sai ka ga bayanta ya ɗaga kamar za ta kifa. Da an yi lodi ta daidaita.

Maigidana yana da ƙa'ida guda, kuma da ita yake yanke wa mutum shawarar ya riƙe mota ko ya rabu da ita. Ba ya buɗe bonet sai ya shiga rami ya duba ƙasa. Yana bin ƙarfen da guduma ƙarama, yana saurare. In ya ji amo mai kyau, sai ya ce, "Alhaji, riƙe abarka, inji kasuwa akwai shi." In kuwa ya ga tsatsa ta ci, ko an yi walda kan walda a mazaunin sifirin, ko da injin na kaɗawa lafiya lau sai ya ce a kira dillali tun tana da daraja. Dalilinsa mai sauƙi ne. Injin 504 iri biyu ne a hannunmu, mai 1.8 da mai 2.0, kuma cikin wuni guda za mu cire ƙaramin mu dasa babban. Har tsohuwar a-kori-kura 404 mun sha sa wa injin 504. Gangar jiki ce ba a saya a shago.

Sai 1986 ta zo da shirin SAP na gwamnatin Babangida, naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin malamin makaranta da ƙaramin ɗan kasuwa. A ganina a waɗannan shekaru ne kanikancin ƙasar nan ya kai ƙololuwa, domin babu zancen musaya, dole kowa ya riƙe abin da ke hannunsa. Inji ɗaya sai a yi masa ringi, ya gaji, a kai kiranshaf wurin masu gogewa a rage shi, a sa metal na gaba, ya sake gajiya, a sake ragewa, har ƙarfen ya ce ya isa. Yaron da ya yi shekara uku a gareji a lokacin zai kwance kafireta ido rufe. Kaduna ta ci gaba da harhaɗa 504 har cikin shekarun 2000, bayan Faransa ta daɗe da barin ta, don haka kayanta ba su yanke ba.

Abin da ya sauya lissafin shi ne 'yan Kwatano. Tsofaffin motocin Turai suka riƙa sauka a tashar jirgin ruwan Kwatano, su ratso Nijar su shigo ta Kamba ko Illela, muna kiransu Beljiyam ko daga Jamus suka fito. Tare da su aka samu injuna na hannu, cikakke ko rabi, jibge a Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna. Daga nan gyaran inji ya zama ɓata lokaci, sai dai a sauke a ɗora wani. Golf 3, wadda Jamusawa suka fara ƙerawa a 1991, ita ta gaji a-kori-kura a hanyar Mayanchi zuwa Anka, Daki Takwas, har Gummi: biyu gaba, huɗu baya, but a buɗe an ɗaure kaya da igiya. Ita ma ƙarfin da muke ƙara mata a ƙasa yake, mu sa mata sifirin mai kauri a baya. Da zinari ya fashe a Bagega da Dareta da 'Yargalma kuɗi sun shigo hannun samari, amma yawanci babura suka saya da injinan niƙa dutse. A 2010 aka gano ƙurar dalmar wannan niƙa ta kashe yara aƙalla 400.

To ina tabo, na'urar nan mai ƙara wa inji ƙarfi, a duk wannan tarihi? Na'urar ta girmi kowa a cikinmu. Wani injiniya ɗan Suwizalan, Alfred Büchi, ya yi mata rajista tun 1905. Hayaƙin da ke fita ta salansa shi ke juya wata 'yar fanka, juyi fiye da dubu ɗari a minti, ita kuma ta juya 'yar'uwarta da ke danna iska cikin inji. Iska ta ƙaru, a ƙara mai, ƙarfi ya ƙaru. Fijo ta fitar da 604 mai gas da tabo a 1979, amma ba ta yi kasuwa a nan ba, don fetur ya yi arha a lokacin, wa zai wahalar da kansa? Mu ta manyan motoci muka san ta, DAF da MAN, daga baya Howo ta Sin, sai Hilux masu shan gas. Duk direban tirela ya san fiton nan da take yi in ya taka totur a hawa, ya kuma san ba a kashe inji nan take bayan doguwar tafiya, sai an bar shi ya ɗan huce. Waɗannan duka da tabonsu aka haife su. A ɗauko ta a liƙa wa motar da ba a ƙera don ita ba, wannan sabon zance ne, waya ce ta kawo shi.

Ɗan ƙanwata yana jan Golf tsakanin Gummi da Gusau. Ya zo mini da bidiyon wasu samari a Turai sun ɗaura wa irin motarsa tabo tana tashi kamar kibiya.

"Kawu, in sa wa wagga, ko in sai da ita in nemi wata sannan a sa?"

Na ce, "Kai ɗan nan, gudun mi kaka nema da fasinja shida?"

Ya ce, "Kawu, kai ma ka san hanya."

Ban yi masa dariya ba. Duk wanda ke bin dajin da ke tsakanin Anka da Daki Takwas a shekarun nan ya san abin da yake nufi. A 2021 har layukan waya aka rufe a jihar, aka hana cin kasuwannin mako, aka taƙaita sayar da mai, duk saboda 'yan bindiga. Direba yana son in ya ga abin da bai gamsu da shi ba ya taka, mota ta amsa. Sai dai abin da ya fi kashe mutum a wannan hanya shi ne mota ta mutu a inda bai kamata ba, kuma tabon da aka liƙa hanyar mutuwar mota yake ƙarawa.

Na sa ya hau rami, muka shiga tare da tocila. Mazaunin shokozoba na hagun baya ya tsage, an yi walda, ya sake tsagewa gefen waldar. Na ciro fulogi ɗaya na miƙa masa: baƙi ƙirin, jiƙe da baƙin mai, alamar ringi ya tafi. Na ce masa injin da ke shan baƙin mai haka, in aka danna masa iska, gaskit ne zai fara ƙonewa, fistin ya biyo baya. Kafin a kai nan ma sai an ja wa tabo bututun baƙin mai shiga da fita, an sa abin sanyaya iska, an sake nozul, an sami mai kwamfutar da zai daidaita ba da mai, kuma ba a garejinmu yake ba. Kulocin ba zai riƙe ba, birkin ma na tsohon ƙarfi ne. Ga ƙurar hunturu da ke cinye fikafikan fanka in matatar iska ta yi rauni, ga man 'yan bumburutu da ba ka san me aka gauraya ba. Ɗora wa tsohon jaki kayan raƙumi ke nan. Wanda ya ƙwallafa rai sai tabo, ya sayi motar da ta zo da ita daga masana'anta, ya kuma tabbatar akwai mai gyaranta kusa. Wanda yake neman abinci da mota, ya bar wa inji numfashin da aka yi shi da shi.

Musayar ma yanzu ba wasa ba ce. A ranar 1 ga Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, a 2019 aka rufe iyakokin gaba ɗaya, naira kuma ta ci gaba da zubewa. Daga 29 ga Mayun 2023, da aka janye tallafi, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma wuce nan. Motar da za ta ƙara shan mai ba ta da mai so a tasha. Mun koma zamanin riƙe abin da ke hannu, sai dai yaran yanzu ba su iya gyaran da muka iya ba, sun saba da sauke inji a ɗora wani.

Motar ɗan ƙanwar tawa dai ba ta riƙuwa, ƙasan ya gama. Dillali ya haɗa shi da wani mai jigilar ƙauye da ba ruwansa da walda, aka yi ciniki, aka cire la'ada, ya yi ciko ya karɓi wata Golf ɗin da wani ma'aikaci ya daɗe yana hawa shi kaɗai. Injinta ya gaji, amma na bi ƙarfen da guduma tun daga gaba har baya ban ji wurin da ya yi taushi ba. Muka aika Ƙofar Ruwa aka ɗoro mana rabin inji mai 1.8 a motar kaya, na sa mata lagireto mai layi biyu da sabon kuloci, rewaya ya haɗa fanka kai tsaye da makulli don kada ta yi zafi a tsakiyar daji, sannan muka ɗaga bayanta da sifirin mai kauri.