Ƙafar Fijo 504 da Abin da Ya Rage Mana na Kakuri

Yau tarihinmu daga gareji zai taso.

Akwai tsohuwar Peugeot 504 ta mahaifinmu da ta daɗe a ajiye a gidanmu na Birnin Kebbi. Injinta lafiya lau, ƙafar gaba ce ta mutu. In ta faɗa rami sai ka ji "ƙwas-ƙwas", sitiyari yana rawa, tayoyi suna cinyewa ta gefe ɗaya. Gareji uku na kai ta, samarin duk suka ce in sayar wa 'yan gwangwan. A ƙarshe wani dattijon bakanike ya zagaya ta, ya danna gabanta da hannu, ya ce, "Yaro, wagga mota ba ta mutuwa, sai dai mai ita ya gaji."

Kwana huɗu ina zaune kusa da shi. Ya sauke ƙafar gaba ɗaya, ya matse sifirin da ƙarfen matsewa kafin ya kwance, don in ya kuɓuce yana iya illata mutum. Shokazoba kuwa bai jefar ba. Buɗe ta ya yi, ya zubar da baƙin man ciki, ya sa sabo, ya canza robar bakinta. Sannan ya bi bushin da boljoyin da tayarod ɗaya bayan ɗaya. Ni da na saba ganin a cire a jefar a sa na Beljiyam, wallahi kunya ta kama ni.

To, daga ina wannan ilimi ya zo?

A 1968 Faransa ta fitar da 504. An yi ƙafarta da dogon sifirin mai jure gargada, shi ya sa Afirka ta rungume ta. A 1975 Ove Andersson ya ci gasar Safari ta Kenya da ita, a 1978 kuma Jean-Pierre Nicolas ya sake ci da samfurinta na tsere mai ƙofa biyu. A waccan shekara ta 1975 ne masana'antar PAN da ke Kakuri, Kaduna, ta fara haɗa ta a gida. Ta zama motar ma'aikata, motar 'yan sanda, motar tasha. Iyayenmu a 504 wagon suka riƙa zuwa Sakkwato ta Argungu, tun kafin a ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991. Duk bakaniken zamanin a kanta ya koyi aiki. A 2006 aka daina haɗa ta a Kaduna, a shekarar kuma gwamnati ta sayar da hannun jarinta a kamfanin.

Ko bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya faro a 1934, ba su kawai ake yi a Matan Fada ba. Akwai tseren motoci, kuma da aka farfaɗo da bikin a 2020, daga Abuja motocin suka taso.

Ga abin da ke damuna. A 2022 kamfanin Dangote Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna, kuma gwamnatin Kebbi tana cikin masu hannun jari. Kuɗinmu ne fa. Ina ganin haƙƙinmu ne mu tambayi wakilanmu: yaran Kebbi nawa aka kai can koyon aiki? Domin dattijon nan idonsa ya fara rauni, kuma yaron gareji ɗaya tal ya rage masa.

Ranar Juma'a muka gwada ta zuwa Argungu, shi a gefena. Da muka wuce wani rami ya ɗaga hannu, ya ce in yi shiru. Ya kasa kunne. Sai ya ce, "Taka mata."