Ƙoda ba rariya ce kawai ba: yadda ƙananan bututunta ke riƙe ruwa da gishirin jiki

Duk wanda ya tashi a gidan fataken shanu ya san ƙoda tun yana yaro, ko da a tsire ne. Ta saniya ƙulli-ƙulli take, ta akuya da ta tunkiya kuwa sumul, kamar ƙwayar wake. Ta ɗan Adam irin ta akuyar ce, guda biyu, ta wajen baya a ƙarƙashin haƙarƙari, kowace kusan girman dunƙulen hannu. Iyakar sanina ke nan har bara, lokacin da wani yaron babana da ke rako shanu daga Arewa zuwa kara a nan Legas ya kwanta.

Kwana uku ya yi a bayan tirela yana tayar da shanun da suka kwanta. Gudawa ta kama shi a hanya, sai ya daina shan ruwa wai don ta tsaya. Jiki ya yi tsami, ya sayi maganin ciwon jiki a kemis yana haɗiya bibbiyu. Da suka iso, yini guda da kwana bai yi fitsari ba. Likita ya ce wa babana, "Alhaji, bututun ƙodarsa ne suka ji rauni." Ni ke jinyarsa, don haka na yi ta tambaya, na kuma karanta abin da na samu.

A cikin kowace ƙoda akwai 'yan injina kusan miliyan 1, ana kiran su nefron. Kowanne yana da rariya a kansa, sai siririn bututu da ido ba ya gani. Rariyar tana tace ruwa daga jini kusan lita 180 a rana, fiye da jarka bakwai masu lita 25. Amma fitsarin da mutum ke yi bai wuce lita 1 zuwa 2 ba. To ina sauran? Bututun ne ke mayar da shi cikin jini. Rariya ba ta zaɓe, da mai amfani da marar amfani duk turowa take. Bututu ne mai tantancewa.

Sashen farko na bututun shi ne ɗan dako. Shi ke kwashe kusan kashi biyu cikin uku na ruwa da gishiri, da dukkan sukari. In sukarin jini ya yi yawa har ya fi ƙarfinsa, ragowar ta zube a fitsari, shi ya sa kiyashi ke bin fitsarin mai ciwon suga. Daga nan bututun ya lanƙwasa ya nutsa tsakiyar ƙoda ya dawo, inda ake tara gishirin da ke ba ƙoda damar yin fitsari mai kauri. A sashen ƙarshe ake ƙarasa ciniki: a riƙe sodiyam, a zubar da fotasiyam da tsamin jini gwargwadon buƙata. Idan ƙishi ya kama mutum, ƙwaƙwalwa kan saki wani sinadari da ke sa wannan sashe ya riƙe ruwa. Kowa ya ga haka da azumi, fitsarin la'asar ɗan kaɗan ne kuma jawur.

In ka ji an ce gishirin jiki, ba na miya kaɗai ake nufi ba. Akwai sodiyam, wanda ya kamata ya tsaya tsakanin 135 da 145 a gwajin jini, da fotasiyam, tsakanin 3.5 da 5.0. Dubi yadda tazarar fotasiyam take ƙanƙanuwa. Shi ke tafiyar da bugun zuciya da motsin tsoka. In ya yi ƙasa, kamar bayan gudawa da amai ko yawan shan maganin sa fitsari irin Lasix ba da umarnin likita ba, sai kasala, ƙafa ta riƙa ɗaurewa, zuciya na bugawa ba daidai ba. In ya yi sama saboda ƙoda ta kasa fitar da shi, zuciya na iya tsayawa ba sallama. Sodiyam kuwa in ya faɗi sosai, kai yake taɓawa: ciwon kai, ruɗewa, har farfaɗiya. A unguwanninmu ana ganin haka sai a ce iska ce.

Abin da ya sami yaron nan shi ne rashin ruwa ya rage jinin da ke zuwa ƙoda, maganin da ya sha, dangin ibufurofen da daikulofenak, ya ƙara matse hanyar, sai ƙwayoyin bututun suka fara mutuwa. Allurar jentamaisin ma tana lalata su in aka yi ta barkatai. A ganina masu dako, 'yan baro, mahauta da 'yan acaba su suka fi kowa shiga wannan haɗari, don zufar Kudu ba ta tsayawa, kuma maganin ciwon jiki ya zama kamar goro a aljihu.

Masu sikila su ma su lura. Cutar tana taɓa wannan lanƙwasar ta tsakiyar ƙoda tun suna yara, fitsarinsu ba ya kauri, ruwa na saurin ƙare musu, wasu yaran har fitsarin kwance. Akwai kuma cututtukan bututu da ake gada, irin Fankoni da Batta, amma ba su da yawa.

Sai kanwa. Mu da ke ba shanu ita muna jin Turawa na kiranta da sunan fotasiyam, alhali yawancinta sodiyam ne. Likitocin Zariya a shekarun 1970 sun danganta yawan kunun kanwa da wankan jego mai zafi da kumburi da ciwon zuciyar masu jego. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin babba a rana kada ya kai giram 5, kusan ƙaramin cokali ɗaya, kuma har da na dunƙulen magi a lissafin.

Gwajin da ke nuna duk wannan na jini ne, a takardar asibiti za ka ga an rubuta E/U/Cr. Wanda fitsarinsa ya ragu ƙwarai, ko fuska da ƙafa suka kumbura, ko kasala ta ƙi tafiya bayan gudawa, shi zai roƙa a yi masa.

Yaron bai kai ga wankin ƙoda ba. Ƙwayoyin bututu suna sake tohowa in an kama abin da wuri. An yi masa ƙarin ruwa a hankali ana auna fitsarinsa, bayan mako biyu aka sallame shi. Yanzu duk motar da za ta taso, babana sai ya sa an saka ledojin ORS a guzurin yara, leda ɗaya a lita ɗaya, wato fiya wata biyu.