Tarihin Gurɓata Tushen Gado a Harshen JavaScript

Asalin wannan matsala yana komawa ga shekarar 1995, lokacin da Brendan Eich ya ƙirƙiro harshen JavaScript a kamfanin Netscape, ya gina shi bisa tsarin gado, wato kowane ƙunshin bayanai yana gadon siffofinsa daga wani tushe guda da kusan dukkan ƙunshi suke tarayya a kansa. Shekaru da dama masu rubuta manhaja ba su ɗauki wannan tsari a matsayin ƙofar ɓarna ba, sai a 2018, da Olivier Arteau ya nuna a taron NorthSec na Montreal cewa maharin da ya cusa kalmar __proto__ cikin bayanan da ya aiko yana iya sauya tushen kansa, ta yadda ɓarnar za ta bi dukkan magada.

Manhajojin da ke warware bayanai suna cikin waɗanda suka fi shiga haɗari, domin aikinsu shi ne karɓar rubutun baƙo su mayar da shi ƙunshi. An gano wannan rauni a minimist, ƙaramar manhajar da ke karanta umarnin da aka rubuta wa kwamfuta, a 2020, kuma abin takaici, gyaran farko bai toshe dukkan hanyoyin ba, sai da aka sake fitar da siga ta 1.2.6 a 2022.