Baƙon Cikin Ganuwa da Baƙon Bayan Ganuwa

Kowa ya san gidajen sarautar Zazzau huɗu ne: Mallawa, Barebari, Katsinawa da Sulluɓawa. Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne, uku daga cikin sunayen nan suna faɗin inda mutanen suka fito ne. Malam Musa, wanda ya karɓi birnin a zamanin jihadi, Bamalle ne. Yamusa daga Fulanin Barno yake, Abdulkarim kuwa daga ƙasar Katsina. Birnin da sarakunansa ma zuwa suka yi, ba zai rasa dabarar karɓar baƙo ba.

Dabarar ita ce maigida. Baƙo ya shigo ta Ƙofar Doka ko Ƙofar Gayan, sai ya sauka hannun wani: malami, ko fatoma, ko mai sana'a. A nan zai ci ya kwana, ya koyi rini ko saƙa ko ɗinkin babbar riga. In ya yi laifi maigidan ake nema, in ya yi hankali maigidan ne zai nema masa mata. Aiki da wurin kwana da aure duk a hannu ɗaya suke, shi ya sa kafin a kai ga jikoki asalin ya koma abin tsokana tsakanin abokan wasa. Malaman Kona, da ake danganta asalinsu da Barno, yau wa zai ce da su baƙi?

Kada dai a yi wa tarihin kwalliya. Da yawa daga masu noma a ƙasar Zazzau a ƙarni na 19 ba da ƙafarsu suka zo ba. Bayi ne da aka kamo, aka zuba a rinji. 'Ya'yansu sun tashi da Hausa da Musulunci, amma ba wanda ya tambayi iyayen ko suna so.

Turawa sun ci Zariya a 1902, jirgin ƙasa ya iso wajen 1911. Reluwe na bukatar hannu iri biyu. Masu haƙa da ɗaukar ƙasa, hakimai da dagatai aka sa suka tattaro su, galibi bisa tilas. Akawuna da direbobi da makanikai kuwa daga Kudu aka kawo su, Yarbawa da Ibo, har da mutanen Saliyo da Gwalkwas. An ba su aiki da albashi, amma ba a sauke su hannun kowa ba. Aka yanka musu Sabon Gari kusa da tasha, a ƙetaren Kubanni, aka sa shi ƙarƙashin jami'in Bature. 'Yan Arewa da ba 'yan birni ba kuma suka taru a Tudun Wada, daf da ganuwa amma a waje. Hujjar Turawa ita ce kare addini da al'adun birni. Akwai kuma abin da ba su cika faɗa da ƙarfi ba: ba sa son akawu mai karanta jaridun Ikko ya zauna hira da talakan sarki.

Sakamakon ya daɗe. Mutum ya yi shekara talatin yana aiki a reluwe ko a injin gurzar auduga, Hausa ta zauna a bakinsa, ya haifi 'ya'ya a Zariya, amma bai taɓa zama a zauren wani ɗan birni ba. Jamus ta faɗa irin wannan bayan ta ƙulla yarjejeniyar ɗauko ma'aikata da Turkiyya a 1961: ta shirya musu masana'anta, ba ta shirya za su zauna ba.

Da mulkin kai ya matso, gwamnatin Sardauna ta ɗauki manufar mayar da ayyukan gwamnati hannun 'yan Arewa. A Zariya aka yi babban ɓangaren aikin, domin makarantar horar da akawuna ta Kongo ce ta zama cibiyar koyon aikin mulki a 1954. A ganina manufar tana da hujja, don an bar Arewa a baya ƙwarai a ilmin boko, kuma ta yi aiki: cikin 'yan shekaru ofisoshi suka cika da 'yan ƙasa. Sai dai ka'idar ta ce in ba a sami ɗan Arewa ba, gara a ɗauki Bature na kwantiragi da a ɗauki ɗan Kudu. Yaron da aka haifa a Sabon Gari, wanda bai san wani gari ba sai Zariya, ya faɗa cikin lissafin 'yan Kudu. Da rikicin 1966 ya ɓarke, Ibo da dama suka bi layin dogon da ya kawo iyayensu suka koma.

Bayan yaƙin basasa da yawa sun dawo, suka sake buɗe shaguna a kasuwar Sabon Gari. Jikokinsu na karatu a Samaru da Kongo. In ɗayansu zai nemi aikin gwamnati, ana tambayarsa takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, sai ya hau mota zuwa garin kakansa ya karɓo.