Daga Yatsun Matuƙa Zuwa Idon Kyamara: Tarihin Kallon Sama da Ɗaukar Hotonta a Jidda

Tsakure

Wannan maƙala ta bi sawun dangantakar birnin Jidda da taurari, tun daga zamanin da matuƙan jiragen ruwa ke auna su da yatsu har zuwa yau da masu sha'awa ke ɗaukar hotonsu. Ta nuna cewa kayan ɗaukar hoton sun shigo hannun jama'a ne a daidai lokacin da duhun da aikin ke buƙata ya ƙaurace wa birnin.

Gabatarwa

Ga Bahaushe, Jidda ƙofar Makka ce. Nan alhazan da suka ratsa Sudan a ƙasa suke sauka bayan sun tsallako Bahar Maliya daga Sawakin. Birnin ya sami wannan matsayi tun shekarar 647, lokacin da Halifa Usman ɗan Affan ya mai da shi tashar jiragen ruwan Makka. A wancan zamani kuwa, tashar ruwa ba ta rayuwa sai da sanin taurari.

Taurari a matsayin kayan aiki

Ahmad ɗan Majid, shahararren matuƙin ƙarni na 15, ya bayyana a littafinsa Kitab al-Fawa'id yadda ake gane matsayin jirgi ta hanyar auna tsawon tauraro daga gaɓar sama da ma'aunin yatsa. Babban abin dogaro shi ne tauraron arewa, wanda matuƙa ke kira al-Jah. Tsawonsa yana daidai da nisan wuri daga tsakiyar duniya: a Jidda kimanin digiri 21 da rabi, a Kano kimanin digiri 12. Mutanen tudu kuma suna jiran fitowar Suhail a ƙarshen watan Agusta don sanin zafi ya fara karyewa, kamar yadda manomin ƙasar Hausa ke ƙirga taurarin damina. Malamanmu ma sun sa hannu a wannan fage, domin Muhammadu al-Kashinawi na Katsina, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, a Makka ya fara rubuta littafinsa al-Durr al-Manzum da ya taɓo ilimin nujumi.

Gajimaren sararin samaniya, waɗanda ake kira nebula, su ma ido ne ya fara gano su. A shekarar 964 Abdurrahman al-Sufi ya siffanta Andoromeda a matsayin ɗan ƙaramin gajimare. Sai dai iyakar ido ke nan, domin ba ya tara haske. Kyamara kuwa, muddin aka bar idonta a buɗe, tana ta tarawa.

Zuwan kyamara

Masu sha'awa ne suka share fagen wannan fanni. Henry Draper, likita a Amurka, shi ya fara ɗaukar hoton nebular Oriyon ranar 30 ga Satumba, 1880, inda ya bar kyamara a buɗe minti 51. A 1883 Andrew Common ya ɗauki hoton wannan nebula daga lambun gidansa a Landan, har taurarin da ido bai gani ta madubin hangen nesa suka fito. A 1888 Isaac Roberts ya nuna cewa ɗan gajimaren al-Sufi yana da siffar nannaɗe.

A cikin waɗannan shekaru ne kyamara ta kama ƙasa a Hijaz. Muhammad Sadiƙ Bey na Masar ya ɗauki hotunan Makka a 1880. Snouck Hurgronje na Holan ya sauka Jidda a 1884, ya ɗauki hotunan alhazai, daga baya kuma likitan Makka Sayyid Abdulgaffar ya ci gaba da aikin. Abin da ya iso gare mu daga hannunsu hotunan mutane ne da gine-gine da wuraren ibada. A lokacin Jidda ƙaramin gari ce cikin ganuwa, samanta cike da taurari, amma ɗaukar hoton sama yana buƙatar babban madubi da na'urar da ke bin juyawar duniya, kayan da sai mai hannu da shuni a Turai ko Amurka.

Birni ya haskaka, sama ta dushe

An rushe ganuwar Jidda a 1947, arzikin man fetur ya shimfiɗa birnin a gaɓar teku, har ƙidayar 2022 ta nuna mazaunansa sun haura miliyan 3 da rabi. Maɓuɓɓugar Sarki Fahad kaɗai, wadda aka buɗe a 1985, fitilu fiye da 500 ke haskaka ta. Laimar teku da ƙura kuma suna watsa wannan haske a sama, su mai da ita fari-fari. Taswirar hasken dare ta duniya da Fabio Falchi da abokan aikinsa suka fitar a 2016 ta nuna kashi 83 cikin ɗari na mazauna Saudiyya suna ƙarƙashin sama mai hasken da ke hana ido sabawa da duhu sosai.

A wannan tsakani ne kayan aiki suka yi sauƙi. Na'urar karɓar haske ta CCD da aka ƙirƙiro a 1969 ta haifi kyamarar dijital, kwamfuta kuma ta ba da damar haɗa ɗaruruwan gajerun hotuna su zama guda. Jami'ar Sarki Abdul'aziz tana da sashen ilimin falaki, Ƙungiyar Falaki ta Jidda kuma, ƙarƙashin Injiniya Majid Abu Zahra, tana sanar da jama'a husufi da tsayuwar wata da sauran al'amuran sama.

Nebula takan ɗauku ko daga soron gida, domin iskar haidurojin da ke cikinta tana fitar da jan haske iri ɗaya tak, wanda matacin gilashi ke iya warewa daga hasken fitilu. Sawun taurari ba shi da wannan dabara. Hoto ne da ake samu idan an kafe kyamara sa'o'i, duniya na juyawa digiri 15 kowace sa'a, taurari su zana da'ira a kewayen al-Jah, wato tauraron nan da matuƙa ke aunawa. Kyansa yana ga yawan ƙananan taurari, su kuwa su ne hasken birni ke fara haɗiyewa. Dole mai ɗauka ya fita hamada, zuwa wurare irin ramin Wahba da ke arewa maso gabas da Ɗa'ifa, ko al-Ula, inda ƙungiyar DarkSky ta ayyana Manara da al-Garamil a matsayin wuraren kare duhun sama a 2024.

Kammalawa

Tarihin Jidda ya nuna cewa duhu dukiya ce mai ƙarewa, kuma ba a cika sanin darajarta ba sai ta tafi. Taswirar 2016 ta sa Cadi cikin ƙasashen da samansu ya fi tsabta, yankin Sahel kuma har yanzu yana da abin da Jidda ta rasa. Yayin da fitilu masu amfani da hasken rana ke yawaita a titunan Kano da Katsina da Maraɗi, ya dace masana su haɗa kai da masu kyamara a ɗauki samanmu, a rubuta sunayen da dattawa ke kiran taurari da su, irin su Gamzaki da Zara da Kaza da 'Ya'yanta, tun masu iya nuna su da yatsa suna raye. Ya kuma dace masu tsara birane su riƙa sa fitilun da ke sunkuyar da haskensu ƙasa, domin rigakafi ya fi magani.