Wiwin Igiya da Wiwin Sha: Yadda Doka Ta Yi Musu Kuɗin Goro

Duk wanda ya tashi a karkarar ƙasar Hausa ya san rama. Ana kwaɗa ganyenta da ƙuliƙuli, karanta kuma a jiƙa shi, a ɓare ɓawon, a tufka igiyar ɗaure dabbobi da ta guga. Ganyen wata ramar yakan tsattsage kamar yatsun hannu, har ya so ya yi kama da na tabar wiwi, kuma saboda wannan kamannin ne masana tsirrai suka liƙa mata sunan wiwi a cikin sunanta na kimiyya. Amma kama da wane ba ta wane, kuma babu mai hankalin da zai ce a ƙone gonar rama don ganyenta ya ɗauko fasalin wani tsiro. Inda maganar ta yi wuya shi ne a cikin gidan wiwi kanta. Tsiro ɗaya ne ya rabu gida biyu a hannun manoma tun dubban shekaru. Akwai dogo mai miƙaƙƙen kara da ake nomawa don zare da iri, wanda Turawa ke kira hemp, mu kira shi wiwin igiya. Akwai kuma mai yawan rassa da fure mai danƙo, wanda ake busarwa a sha. Dokar Nijeriya ta yi musu kuɗin goro. A ganina tarihi ya nuna cewa wannan haɗin gado ne na suna, ba sakamakon awo ko bincike ba, kuma bai kare matasan da hayaƙin ke yi wa illa ba.

Mutanen da sun san bambancin nan sarai. A Sin an daɗe ana saƙa tufafi da zaren wiwin igiya, kuma takardar da ake danganta wa Cai Lun a shekara ta 105 da tsummokaransa da tsofaffin komayen kamun kifi aka haɗa ta. Jiragen ruwan Turai na zamanin iska da shi suka dogara wajen igiyoyi da filafilai, har Sarki Henry na Takwas ya wajabta wa manoman Ingila a 1533 su ware wani yanki na gonakinsu don shuka shi ko kuma wani tsiron zare ɗan'uwansa a sana'a. A duniyar Musulmi kuwa, masanin tsirrai ɗan Andalus, Ibnul Baiɗar, wanda ya rasu a 1248, ya bayyana ƙinnab, wato wiwi, na igiya daban, sannan ya ambaci wani iri da ake kira ƙinnab na Indiya, wanda ya gani a lambunan Masar, ya ce shi ne mai juya hankali. Fuƙaha'u ma a kan wannan na biyun suka yi muhawara. Ibnu Taimiyya ya sa hashish, wato wiwin sha, a sahun giya, shi kuwa Ƙarafi, babban malamin Malikiyya, ya sa shi a sahun abubuwan da ke ɓata hankali ba tare da irin mayen giya ba. Sun saɓa a kan rukuni, sun haɗu a kan haramcin gusar da hankali da shi. Abin lura shi ne hukuncinsu ya rataya ne a kan abin da tsiron ke yi wa hankali, don haka mai tufka igiya bai shiga ciki ba.

Cakuɗuwar ta zo ne da zamanin mulkin mallaka. A 1893 Turawan Ingila suka kafa kwamitin bincike a Indiya, wanda ya saurari shaidu fiye da 1,000, ya fitar da rahoto a 1894. Kwamitin ya ce sha kaɗan ba ya yin wata babbar illa, yawan sha kuwa yana yi, ya kuma ba da shawarar haraji da sa ido maimakon hani. Masar ta bi wata hanyar. Ta hana noman tun 1879, kuma likitocin asibitin masu taɓin hankali na Abbasiyya a Alƙahira sun daɗe suna ɗora wa hashish alhakin ciwon da yawa daga cikin majinyatansu. A taron Janiba da aka kira don maganar ofiyom, wakilin Masar, Muhammad El-Gindi, ya matsa a sa hashish cikin jerin, aka kuma sa shi a yarjejeniyar 1925 da sunan Indian hemp. Wannan suna shi ne ya bi jiragen ruwa ya shiga kundin dokokin ƙasashen da Ingila ke mulka, ɗauke da kalmar igiya a jikin abin maye. A Amurka dokar harajin 1937 ta shaƙe manoman zare tare da masu sha. Da Japan ta kama Filifin, inda ake samo zaren igiya, a yaƙin duniya na biyu, igiyar jiragen ruwa ta yanke, sai ga gwamnatin Amurka da kanta a 1942 ta shirya fim tana roƙon manoma su koma shuka abin da ta takura shekara biyar kacal da suka wuce. Bayan yaƙi noman ya sake mutuwa, dokar 1970 kuma ta rufe ƙofar gaba ɗaya.

Nijeriya ta karɓi dokarta ta miyagun ƙwayoyi a 1935, lokacin da shan wiwi bai zama abin damuwa a yawancin ƙasar ba. Wato doka ta riga matsalar isowa, domin daga waje aka kawo ta. Yaɗuwar shan ta biyo bayan yaƙin duniya na biyu. An fi danganta ta da sojojin Afirka ta Yamma da suka dawo daga Indiya da Boma, ko da yake masana tarihi sun nuna cewa an san tsiron a Saliyo tun ƙarni na 19, kuma ma'aikatan jiragen ruwa sun taimaka wajen yaɗa shi a biranen gaɓar teku. Zuwa 1964 likitan ƙwaƙwalwa Tolani Asuni na asibitin Aro a Abeokuta ya riga ya wallafa nazari kan matsalolin wiwi a Nijeriya. A 1966 gwamnatin soja ta Janar Ironsi ta fitar da doka mai tsanani ƙwarai: wanda ya shuka, kisa ko ɗaurin da bai gaza shekara 21 ba, wanda ya sha ko aka kama shi da ita, shekara 10. An sassauta a 1975, an sake tsanantawa a 1984, sannan aka kafa hukumar NDLEA a 1989, wadda dokarta ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai noma. To, ina aka kwana? Binciken ƙasa na 2018, wanda Hukumar Ƙididdiga ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 10.6 sun sha wiwi a cikin shekara guda. Dazuzzukan Ondo da Edo da Delta sun zama rumbunta, ana sare itatuwa a shuka, ana loda buhuna a kai Arewa. Fiye da shekara 50 na tsananin hukunci bai hana mai sha samun abin shansa ba. Wanda ya hana kawai shi ne manomin da zai so ya nemi lasisi ya yi noman zare a fili.

A nan ne wasu ke zamewa, su ce tunda dokar ta samo asali daga kuskure, to illar ma ƙirƙira ce, ganye ne kawai Allah ya tsirar. Wannan magana ba ta tsaya da ƙafarta ba, ai zaƙami ma tsiro ne. Kwamitin Indiya na 1894 ya raina alaƙar wiwi da taɓin hankali, kuma binciken da ya biyo baya ya nuna cewa likitocin Alƙahira, duk da sun zuzuta, sun hango wani abu na gaske. A Suwidin an bi sawun matasa 45,570 da aka ɗauka aikin soja har tsawon shekara 15, sakamakon da aka wallafa a 1987 ya nuna cewa waɗanda suka sha fiye da sau 50 sun ninka waɗanda ba su taɓa sha ba har sau shida wajen kamuwa da ciwon sikizofiriniya, mai sa mutum jin muryoyi da zargin kowa. Ana iya cewa wataƙila masu ɗauke da ciwon a ɓoye ne suka fi son sha, kuma akwai ƙamshin gaskiya a nan. Amma wani binciken na 2019 a wurare 11 na Turai da Brazil ya gano cewa haɗarin yana hawa daidai da yawan sha da ƙarfin abin: mai sha kullum ya ninka sau uku, mai shan mai ƙarfi kullum kusan sau biyar. Idan cuta tana ƙaruwa gwargwadon yawan abin da aka sha, da wuya a wanke abin. Ban da wannan, hayaƙin yana jawo tari da majina na dindindin, yana rage saurin hankalin direba, kuma jariran matan da ke sha da juna biyu sukan zo da ƙarancin nauyi. Kusan mutum ɗaya cikin goma na masu sha yakan kasa dainawa, a cikin waɗanda suka fara tun suna samari kuwa ɗaya cikin shida. Iyayen da suka taɓa kai ɗansu asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa ko na Dawanau ba sa bukatar a karanta musu alƙaluma.

Wannan hujja ta lafiya ita ce ke ƙarfafa batun raba tsirran biyu. A 1964 Raphael Mechoulam da Yechiel Gaoni suka ware sinadarin THC, wanda shi ne tushen mayen. Daga ranar, abin da Ibnul Baiɗar ya bambance da ido ya zama abin da ake iya aunawa. A 1976 masanan tsirrai Ernest Small da Arthur Cronquist suka ba da shawarar kashi 0.3 cikin 100 a matsayin iyaka tsakanin na igiya da na sha, kuma wannan adadi ne ƙasashe da dama suka ɗauka. A gwada shi da wiwin da hukumomin Amurka ke kamawa, wanda ƙarfinsa ya tashi daga kusan kashi 4 a 1995 zuwa kusan kashi 12 a 2014. Ko yarjejeniyar duniya ta 1961, wadda Nijeriya ke ciki, ta fitar da noman zare da iri daga takunkuminta ƙarara, kuma Faransa ba ta taɓa daina wannan noma ba. Maƙwabciyarmu a yanki, Ghana, ta sa iyakar kashi 0.3 a dokarta ta 2020. Kotun ƙoli ta soke sashen a 2022 saboda majalisa ba ta yi muhawara a kansa yadda tsarin mulki ya tanada ba, majalisar kuma ta sake zartar da shi a 2023. Dokarmu ta 1966 kuwa har yau tana magana ne a kan kowane tsiro na dangin wiwi, ko da ba zai bugar da kowa ba.

Akwai suka mai nauyi da ba za a share ba. Jami'in tsaro zai ce gonar igiya za ta zama labulen gonar sha, kuma shi a bakin hanya ba shi da na'urar awo. Rabin farko na maganar yana da amsa a cikin noman kansa. Wiwin igiya cunkushe ake shuka shi don karan ya miƙe, maza da mata a haɗe, kuma garin furen mazan idan ya sauka a kan wiwin sha sai ya cika shi da iri ya rage masa ƙarfi, shi ya sa mai noman sha ke gudun maƙwabtaka da shi. Rabi na biyu kuwa gaskiya ne, kuma Amurka ta ɗanɗana kuɗarta. Dokar noma ta 2018 ta halatta duk abin da bai wuce kashi 0.3 ba, har da fure, sai 'yan kasuwa suka riƙa tatsar sinadarin CBD daga furen suna juya shi zuwa wani ɗan'uwan THC mai sa maye, suna sayarwa a kantuna da sunan halal. Manoman da suka yi rububin noman furen kuma farashi ya faɗi a kansu cikin shekara biyu. Saboda haka ba na goyon bayan masu kwaɗaita wa gwamnati biliyoyin daloli daga fure da mai, kamar yadda aka riƙa yi tun bayan da marigayi Gwamna Rotimi Akeredolu na Ondo ya tayar da batun a 2019. Layin da ya fi aminci shi ne wanda aka ja tun 1961: kara da iri kawai, daga irin da hukuma ta tantance, a gonar da aka yi wa rajista, a auna samfuri kafin girbi, a lalata duk abin da ya haura iyaka.

Wani kuma zai ce ga rama, me ya kai mu neman zaren da zai jawo rigima? Ga manomin Katsina ko Maraɗi wannan tambaya tana da ƙarfi, domin rama ta saba da ƙasarsa da damininsa, kuma ba ta bukatar ɗan sanda. Mai yiwuwa ne idan an buɗe ƙofar, kaɗan ne za su shiga, kuma babu laifi a hakan. Ribar gyaran dokar ta fi ƙarfi ta wani ɓangaren. Muddin doka na hukunta suna, kuɗi da lokacin hukuma za su ci gaba da ƙarewa a sarar gonaki da cika gidajen yari da samarin da aka kama da ƙulli ɗaya, alhali binciken 2018 ɗin nan ya nuna cewa da yawa daga cikin masu matsalar ƙwaya suna son magani ba su samu ba. Dokar da ta koma kan awo dole ta tanadi ɗakunan gwaji, kuma ɗakin da zai auna samfurin manomi shi ne zai faɗa wa likitoci ƙarfin abin da ake sayar wa yara a tashoshin mota da bayan makarantu, har da sababbin nau'o'in da ake kira laud da kolos, waɗanda wasunsu ganye ne da aka fesa wa sinadarin da bai taɓa fitowa daga kowace gona ba.