Tattali a wurin gini: daga tubali zuwa kwangila a ƙasar Mayahi da Tasawa

Gabatarwa

Manufar wannan ƴar maƙala ita ce mu bi tarihin yadda ake tsara aikin gini a ƙasar Mayahi da Tasawa ta jahar Maraɗi, inda ƙaramar hukumar Cake (Tchaké) take, sa'an nan mu auna shi da wata dabarar gudanar da aiki wadda masana suke kira lean. Ma'anar kalmar a harshen Ingilishi ita ce tsoka zalla wadda ba ta da kitse. Ba za mu fassara ta da "rama" ba, domin ga Bahaushe ramamme marar lafiya ne. Mun zaɓi "tattali", wato sarrafa abu ta yadda komai nasa ba zai salwanta ba.

1. Asalin dabarar

Dabarar ta samo asali ne daga kamfanin motoci na Toyota a ƙasar Japan, bayan yaƙin duniya na biyu. Injiniya Taiichi Ohno ya ƙididdige nau'o'in ɓarna guda 7, daga cikinsu akwai jira, da jigilar kaya ba dalili, da tara kaya, da sake aikin da ya ɓaci. A shekarar 1992 Lauri Koskela, ɗan ƙasar Finlanda, ya nuna cewa ana iya amfani da wannan tunani a fannin gini. Daga baya Glenn Ballard da Greg Howell, a Amurka, suka ƙara wata ƙa'ida: wanda zai yi aikin da hannunsa shi ne zai ɗauki alkawarin abin da zai kammala cikin mako, kuma ba a soma wani aiki sai kayansa sun hallara.

2. Zamanin tubali da gayya

Idan muka dubi ginin ƙasa na gargajiya, za mu tarar yana bin jadawalin da yanayi ya tsara. Ana somawa bayan kaka, lokacin da hatsi ya shiga rumbu, hannuwa suka samu sarari, tafkuna kuma ba su ƙafe ba. Ana haƙo ƙasa kusa da wurin aiki, a kwaɓa ta da ciyawa, a bar ta ta tsima, a murza tubali a shanya. Magini yana bisa katanga, ana jefa masa tubali ɗaya bayan ɗaya, gwargwadon saurin hannunsa, kuma ba ya ɗora sabon sahu sai na ƙasa ya sha iska. Ke nan babu doguwar jigila, babu tarin kayan da zai lalace. Aikin da ya fi ƙarfin gida guda a kira masa gayya, tun da hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Masallacin Yama na jahar Tawa, wanda magini Falke Barmu ya soma a 1962 da gudummawar mutanen gari, har ya samu lambar yabo ta Aga Khan a 1986, shaida ne cewa wannan tsari yana iya fitar da babban gini.

Sai dai bai kamata mu rufe ido ga tasa ɓarnar ba. Kowace shekara sai an sake yaɓe. Rufi kuma yana cin itace mai yawa: azara daga giginya, ko gangar goriba irin wadda ke cikin kwarin Gulbin Kaba, wanda ya ratsa ƙasar Mayahi da ta Tasawa.

3. Aikin tilas, samariya da kwangila

Mulkin mallakar Faransa ya raba mai ba da umurni da mai yin aiki. Aka gina bariki da hanyoyi da aikin tilas, har zuwa dokar 11 ga Afrilu 1946 wadda ta soke shi. Bayan samun mulkin kai a 1960, siminti ya yawaita, musamman da aka kafa masana'antar Malbaza a cikin shekarun 1960. A zamanin Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, samariya ta maido da wani salo na gayya wajen gina azuzuwan makaranta, amma umurnin daga sama yake zuwa.

Harshe ma ya riƙe sawun wannan canji: tubali da azara da yaɓe a gefe guda, siminti da bulo da kwangila, kalmomin aro, a ɗaya gefen. Tare da sababbin kalmomi aka samu sabuwar ɓarna. Simintin da za a yi aiki da shi a Cake yana tafiyar fiye da kilomita 200 kafin ya iso. In kuɗin kwangila suka makara, aiki ya faɗa cikin damina, leburori su koma gona, buhunan da aka tara su sha danshi su daskare. Jira, da jigila, da tara kaya, da sake aiki: ga huɗu daga cikin bakwai ɗin Ohno sun haɗu a wuri guda.

Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 sun ƙara tsananta ƙarancin itace. A 1980 ƙungiyar Development Workshop ta soma gwada gini ba da itace ba a garin Cikal na ƙasar Filinge, inda ake rufa ɗaki da tulluwar bulon ƙasa, bisa fasahar Nubiyawan Masar. A ganinmu darasin wannan gwaji shi ne an cire daga cikin aiki abin da ya fi tsada, wanda kuma aka fi jira.

Kammalawa

Tun daga zaɓen 2004, ƙananan hukumomi irin su Cake suna da hannu a ginin azuzuwa da ɗakunan shan magani. Gobarar da ta tashi a azuzuwan zana na wata makaranta a birnin Maraɗi, a watan Nuwamba na 2021, ta hallaka yara fiye da 20. Saboda haka duk ajin da gininsa ya makara da shekara guda, ɗalibansa za su ƙara shekara a ƙarƙashin kara da zana.

Tarihin da muka bi ya nuna cewa tattali ba baƙon abu ba ne a wannan ƙasa. Kwangila ce ta zo ba tare da shi ba. Abin da muke ba da shawara shi ne a saki kuɗi kafin kaka domin aiki ya dace da rani, a kawo kaya daidai da buƙatar kowane mako, kuma magajin gari da ɗan kwangila su zauna da magina, cikin harshen da maginan suke ji, kafin a tsai da ranar gama aiki.